Jinga ko Ihisani: Haƙƙin Ɗan Wasa Daga Hollywood Zuwa Kannywood

Tun jiya Talata ofishinmu yake a garƙame. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC sun ce kowa ya zauna a gida saboda dukan da aka yi wa shugaban NLC, Joe Ajaero, a Owerri ranar 1 ga Nuwamban 2023. Ni kuwa da ma neman sarari nake, sai na baro Dutse na taho gida Auyo, don shinkafata ta nuna har ta fara kwanciya, tsuntsaye sun mai da gonar tasu.

Da sassafen yau na tarar da ƴan yanka su bakwai suna jirana a bakin gona. Babbansu ya zaga ta, ya dawo ya yanka kuɗinsa. Na taya, ya ce albarka. Na ɗan ƙara, na haɗa masa da daɗin baki, na ce ai duk ɗaya muke, ku shiga kawai, in an gama ba za mu ɓata ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ba za mu ɓata ba ɗin ita ke kawo ɓatawa. A yi jinga tukuna." Suka koma gindin bishiya suka zauna, kowa ya ajiye laujensa a ƙasa. Na jira ko ɗaya daga cikinsu zai zame ya ce shi zai yi a kuɗina. Babu wanda ya motsa. Ni da na baro yajin aiki a Dutse, sai ga shi an yi mini nawa a cikin gonata. Ƙarshe dai na amince da kuɗinsu, suka shiga.

Ina zaune a gefen kanal ina kallonsu ina latsa waya, sai labarai biyu na makon nan suka haɗu a kaina. Na farko, ƴan wasan fim na Amurka sun janye yajin aikinsu ranar 9 ga wata, bayan kwana 118 ba wanda ya tsaya gaban kyamara. Na biyu, rasuwar Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ranar Lahadin da ta wuce, Allah Ya jiƙansa. Daga tunanin Samanja da tsararsa sai hankalina ya koma kan Ladin Cima, da rigimar da ta tashi a 2022 a kan kuɗin da ake biyan ta. Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau mai tsawo ne. Mai yajin aiki ba ya rasa lokaci.

Ga wanda ya manta, a watan Fabrairun 2022 ne BBC Hausa ta yi hira da wannan dattijuwa a shirin Daga Bakin Mai Ita. Mace ce da muka taso muna gani tun zamanin wasan kwaikwayon talabijin, kafin a san za a yi wani abu wai shi Kannywood. Ta faɗa cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce dubu biyu, dubu uku, zuwa dubu biyar ba, kuma ba ta tara abin da za ta mallaki muhalli da shi ba. Gari ya ɗauka. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce su kam sun biya ta abin da ya ninka haka nesa ba kusa ba a ayyukan da suka sa ta. Naziru Sarkin Waƙa ya shigo ya goyi bayanta da zafi, ya haɗa da wasu zarge-zargen. Aka yi mako biyu ana jifan juna, masu hali suka aika mata da taimako, ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa.

Ni a lokacin abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da manyan suka bayar. Ban ƙaryata su ba, na yarda sun biya ta yadda suka faɗa. To amma ku duba abin da amsar take nufi. Wannan ya ba ta da yawa don yana da hali kuma yana ganin girmanta, wancan ya ba ta dubu biyu don abin da ya ga dama ke nan, kuma duk cikinsu babu wanda ya karya wata doka, don babu dokar. Abin da babban ƴan yankana ya ƙi yarda da shi da safen nan, a kansa aka gina masana'anta sukutum: shiga ka yi, in an gama ba za mu ɓata ba. Su kansu ƴan fim kalmar da suke amfani da ita ita ce sallama. An sallame ka. Baƙo ake sallama, da almajiri, da maroƙi. Ma'aikaci biyan sa ake yi.

A wannan watan na Fabrairun 2022 ɗin dai, ranar 14, malaman jami'a suka shiga yajin aikin da ya kai su har Oktoba, wata takwas cur. Duk abin da mutum zai faɗa a kan ASUU, kuma ni ina da abin faɗa don ƙanwata ta yi asarar shekara guda, rigimarsu ta tafi teburin sulhu da kotun ma'aikata. Rigimar Ladin Cima kuwa a Instagram ta fara, a can ta ƙare. Alhali asalinsu ɗaya ne, mai aiki ne yake cewa abin da ake ba shi bai kai guminsa ba.

Mutane suna ɗauka su Turawa haka suka tashi suka tarar da tsarinsu. Ina! A 1927 manyan masu kamfanonin fim na Hollywood, a gaba-gaba akwai Louis B. Mayer na kamfanin MGM, suka kafa wata babbar inuwa da ta haɗa kowa da kowa: furodusa, darakta, ɗan wasa, marubuci, mai ɗaukar hoto. Ita ce wannan cibiya da take raba kyautar Oscar har gobe. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kada ma'aikatan fim su yi ƙungiyar ƙwadago tasu ta kansu. In kana da kuka, ka kawo shi cikin gida, mu duka ƴan uwa ne. Haka aka tafi har watan Maris na 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kamfanonin suka zaftare rabin albashin ma'aikata na tsawon makonni, ita kuma inuwar da aka ce ta kowa ce ta sa albarka. A nan ƴan wasa suka gane cewa ɗakin da mai biya da wanda ake biya suke zaune tare, muryar mai biya ce ke fita waje. A shekarar wasu ƴan tsiraru, waɗanda yawancinsu ba wasu shahararru ba ne, suka kafa ƙungiyar ƴan wasa zalla, wadda ake kira SAG.

Da farko ba wanda ya kula su. Abin bai yi ƙarfi ba sai da manyan taurari irin su James Cagney da Eddie Cantor suka shigo, waɗanda in sun ƙi fitowa fim ba ya sayuwa. Duk da haka sai 1937 kamfanoni suka yarda su zauna da ƙungiyar, bayan sun ga da gaske za a ajiye aiki. Yarjejeniyar farko kuwa ba taurarin ta fi amfana ba, don su da ma suna da bakin ciniki. Ƙananan ƴan wasa ta yanka wa mafi ƙarancin abin da za a biya su a yini. Wato manya suka ba da aron sunansu aka yi wa ƙanana jinga.

Sai 1960, wadda ita ce ta fi kama da halin da muke ciki. Talabijin ta shigo gidaje, kamfanoni suka fara sayar wa tashoshi tsofaffin finafinai suna karɓar kuɗi a karo na biyu da na uku, ɗan wasan da fuskarsa ke ciki kuwa ko sisi. Suka tafi yajin aiki daga watan Maris zuwa Afrilu. Shugabansu a lokacin Ronald Reagan ne, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Aka daidaita a kan cewa duk fim ɗin da aka yi daga 1960 zuwa gaba, in an maimaita shi a talabijin ɗan wasa yana da kaso. Na baya kuwa suka yafe, a madadinsa kamfanoni suka zuba sama da dala miliyan biyu aka buɗe asusun fansho da na lafiya. Tsofaffin taurari da yawa sun mutu suna jin haushin Reagan a kan wannan yafiyar. Wani abin lura kuma, watanni kaɗan bayan yajin aikin Reagan ya sauka daga kujerar, saboda ya fara sa hannu a harkar shirya fim, kuma a wurinsu ba a zama mai biya a kuma zama shugaban waɗanda ake biya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Shi Reagan ɗin nan dai, da ya hau mulki, a 1981 ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da dubu goma sha ɗaya a rana ɗaya don sun yi yajin aiki. Kujera takan canza mutum, mu ma'aikatan gwamnati mun sha gani.

A 1980 sun sake yi a kan kaset ɗin bidiyo. Na 2023 kuma, wanda ya fara ranar 14 ga Yuli, a kan manhajojin kallo ne irin su Netflix, da kuma ƙirƙirarriyar basira, wato fargabar a ɗauki surar mutum da muryarsa a kwamfuta a biya shi kuɗin yini ɗaya, a yi ta sarrafa shi a finafinai har bayan ransa. Mutum wajen dubu 160 ne a ƙungiyar. Kada ku ɗauka duk masu kuɗi ne. Mafi yawansu ba sa samun dala dubu 26 da ƴan kai a shekara, wadda ita ce ƙa'idar shiga inshorar lafiyar ƙungiyar a 2023. Sun fito da ƙarin kashi 7 cikin ɗari nan take, ƴan cika fage kashi 11, da sharaɗin sai da izinin mutum da biyansa kafin a sarrafa surarsa. Duk lokacin da hanyar kallo ta canza, sai sun koma teburi an sake jinga.

To mu dawo gida. Fim ɗin Hausa na bidiyo bai fara a matsayin sana'a ba, kuma wannan shi ne tushen komai. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne na sa-kai a Kano, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya, samari masu sha'awa, wasu malaman makaranta, wasu ma'aikata, wasu ƴan kasuwa, suna yin wasan daɓe suna kai wa gidan talabijin. Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990. A irin wannan zama wa zai ce a biya shi? Karo-karo ake yi, kai ne ɗan wasa, kai ne mai riƙe fitila, wataƙila babur ɗinka ne ma aka hau zuwa wurin ɗauka. Su kuma na gidajen rediyo da talabijin irin su Samanja, wanda tsohon soja ne kuma ma'aikacin Rediyon Tarayya na Kaduna, da yawansu suna da albashinsu a gefe. Saboda haka tun ran gini ba a sa maganar kuɗin ɗan wasa a cikin zane ba.

Sai kuɗi ya shigo. Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna lokacin Sangaya, wajen 1999, da Wasila a bayansa. A nan Auyo gidan kallo ɗaya muke cika, janareto yana ƙara, mai gidan ya je Haɗeja ya sayo kaset, mu biya kuɗin ƙofa mu zauna a benci. A shekarar 1999 ɗin ne mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa, a shekarar ne kuma sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa. Amma wa ya riƙe wuyan kasuwar? Ƴan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata. Furodusa ya gama fim, ya buga kwalayensa, ya kai musu, su su kwafa su sayar, shi kuma ya yi ta sintiri yana bin kuɗinsa. Da suka ga akwai romo, sai su ma suka koma zuba kuɗi ana yi musu fim, su zaɓi jarumin da suke so a kan kwali. Daga nan aka samu hawa uku. Ɗan kasuwa a sama, furodusa a tsakiya yana kuka, ɗan wasa a ƙasa. A cikin ƴan wasan ma, mutum biyar ko goma da fuskarsu ke sayar da kwali su ne ke yanka kuɗinsu. Sauran, iyaye da kawunnai da ƴan aike da maƙwabta na cikin labari, sai abin da aka ba su. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ƴan uwansu na Kudu sun ɗanɗani ƙarfin ɗan kasuwa ƙarara. A 2004 ƴan kasuwar finafinan Nollywood suka haɗa kai suka dakatar da manyan taurari takwas na shekara guda, cikinsu har da Genevieve Nnaji da Omotola Jalade-Ekeinde da Richard Mofe-Damijo da Ramsey Nouah, a kan wai kuɗinsu ya yi yawa. Kun ga a nan masu biya ne suka yi yajin aiki a kan waɗanda ake biya, kuma ya ci, duk da akwai ƙungiyar ƴan wasa ta ƙasa a lokacin.

Tambayar da na daɗe ina yi wa kaina ita ce, ina ƙungiya a Kannywood? Akwai ta mana, har fiye da ɗaya. Babbar ita ce MOPPAN, kuma akwai ɓangaren jarumai a ƙarƙashin inuwar. Sai dai ku duba yanayin da ta yi ƙarfi a cikinsa. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai, aka dawo aiki bisa sharuɗɗa. A 2007, bayan abin kunyar nan na bidiyon waya da kowa ya sani, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka hana ɗaukar fim na wata shida. A zamaninsa aka ɗaure Adam A. Zango, aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama. Da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. Masana'antar da ke cikin wannan hali dole ta dunƙule wuri guda, furodusa da darakta da jarumi da mawaƙi, don wutar da ta taso ba ta tambayar muƙamin kowa. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Amma abin da hakan ya haifar shi ne ƙungiya mai fuskantar waje, mai magana da gwamnati da malamai da jama'ar gari, tana rantsuwa cewa za ta tsabtace ɗakinta. Makaminta kora da dakatarwa. A 2007 an dakatar da ƴan wasa fiye da goma a kan tarbiyya. A Oktoban 2016 MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta yi da ClassiQ, sanarwar ta zaga duniya cikin yini ɗaya. Ba ina kare abin da kowa ya yi ba ne, wannan wata magana ce daban. Abin da nake nunawa shi ne, mun ga ƙungiya ta hukunta ɗan wasa sau da yawa a bainar jama'a, da sanarwa da sa hannu. A shekara 33 daga Turmin Danya zuwa 2023, ban ga ranar da ƴan wasan Hausa suka ajiye aiki gaba ɗaya a kan kuɗin sallama ba. Sau biyun da kyamara ta tsaya cak, gwamnati ce ta tsayar da ita. Inuwa ɗaya ga kowa da kowa, irin dai wadda Mayer ya kafa a 1927.

Sannan ga maganar Reagan da na ce ku riƙe. A Kannywood kusan duk jarumin da ya yi suna, abu na farko da yake yi shi ne buɗe kamfaninsa. Yau shi ake biya, gobe shi ke biya. Ali Nuhu yana da FKD tun tuni, haka sauran manyan, maza da mata. Wannan ba aibu ba ne, dabarar tsira ce, don sun san suna ba ya daɗewa. To amma waɗanda ya kamata su ba da aron sunansu a yi wa ƙanana jinga, su ne jingar za ta fara cizo. Wanzami kuwa ba ya son jarfa. Ƙaramin ɗan wasa kuma ba ya kallon kansa a matsayin ma'aikaci. Yaron gidan wane ne. Ubangidansa ne ya fara sa shi a fim, shi ya yi masa kayan sallah, shi zai tsaya masa ranar aure. Ta yaya za ka yi wa ubangidanka yajin aiki?

Na ga wannan a cikin gidanmu. Wani ɗan ƙanwar mahaifiyata ya bar Auyo ya tafi Kano shekarun baya, ya tare a wajen Titin Gidan Zu inda ofisoshin ƴan fim suke, wai shi sai ya zama jarumi. Ya yi shekara biyu yana ɗaukar jakar wani furodusa. Ya fito a finafinai, mun gan shi da idonmu, sau ɗaya ɗan sanda, sau ɗaya mai gadi, har da magana. Da ya dawo na tambaye shi nawa ake ba shi. Ya ce, "Yaya, wa zai tambaya? In ka tambaya gobe ba za a kira ka ba. Akwai mutum ashirin a bakin ƙofa da za su yi kyauta, wani ma shi zai biya a sa shi." Abinci ne a lokeshan, sai kuɗin mota in an tuna. Yanzu yana nan yana noman rani, kuma in zai ɗauki ƴan aiki ya fi ni iya ciniki.

Yanzu bari in juya in tsaya a wurin furodusa, don in ban yi haka ba na yi zalunci. Kasuwar da ake magana a kai ta mutu tun tuni, kuma mu muka kashe ta. Daga kaset aka koma faifan sidi, daga nan ƴan tura-tura suka buɗe shaguna a kowane lungu, ka miƙa wayarka a cika maka ita da finafinai a kuɗin da bai kai na kwalbar lemo ba. Wallahi ni ma na sha miƙa tawa a Haɗeja, ban taɓa tunanin ko sisi zai koma Kano ba. Ga fassarar finafinan Indiya ta zo ta kwashe ƴan kallo. Mutum ya sayar da filinsa ya yi fim, ranar da ya fito da safe, da yamma yana cikin wayar kowa. Furodusoshi nawa ne suka karye suka bar harkar ba wanda ya yi hira da su? Kuma hujjar da suke kawowa cewa dattijo yakan zo ya yi fitowa biyu cikin rabin awa ya wuce wani lokeshan ɗin, ba ƙarya ba ce. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Sai dai wannan hujja ta fi ƙarfi shekara bakwai ko takwas da suka wuce. Kiɗa ya canza. Arewa24 ta zo a 2014 da su Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. Daga 2020 finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka nuna cewa akwai kuɗi a talabijin da YouTube. Shi kuwa YouTube ba kamar kwalin Ƙofar Wambai ba ne da ake sayarwa sau ɗaya. Muddin ana kallo, ana saka talla, kuɗi yana shiga asusun mai tashar, bana da baɗi da baɗin waccan. Tsofaffin finafinan da aka yi tun zamanin kaset ma an ɗora su, wasu da izini wasu babu. Dattijuwar da aka sallama da dubu biyu tana can a ciki tana yi wa wani aiki tana barci, har bayan ranta. Wannan ita ce tambayar 1960 ɗin nan sak, ta iso mu bayan shekara sittin. Kuma a wannan karon ba za a ce ba a san lissafi ba, don adadin waɗanda suka kalla yana rubuce a ƙarƙashin kowane bidiyo, kowa yana gani.

Doka ma ba ta hana ba. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Najeriya mutum 50 ta nema kafin ma'aikata su nemi rajista. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Beijing ta kare haƙƙin masu fitowa a fim tun 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ware wa mai wasa nasa sashen. Amma doka da takarda take aiki. Wanda aka kira a waya aka ce gobe ka zo Ɗorayi da babbar riga, me zai nuna wa alƙali?

Ni ba yajin aiki nake kira a yi a Kannywood ba. Wanda yake cin na yau a yau ba zai iya kwana 118 ba, ko mako ɗaya ma da wuya. Abin da nake gani ya fi wannan sauƙi kuma ya fi shi wuya. Ƴan wasa su samu zaurensu su kaɗai, wanda mai kamfani ba zai shugabance shi ba ko da shi ne ya fi kowa suna. A yanka mafi ƙarancin kuɗin fitowa ɗaya da na yini, a rubuta, kowa ya sani, wanda ya ga dama ya ƙara a kai don girmamawa. A riƙa cire wani ɗan abu ana tarawa saboda ranar ciwo da tsufa. Mun gaji da ganin bidiyon tsohon ɗan wasan da ya ba mu dariya shekara talatin, yana kwance a tabarma ana karanto lambar asusu. Allah Ya saka wa masu taimakawa, amma wanda bidiyonsa bai yaɗu ba fa? Shi kansa ƙaramin furodusa wannan tsari zai taimake shi, don ranar da wata ta sake fitowa ta ce dubu biyu aka ba ta, sai ya ɗauko takarda maimakon ya ɗauko rantsuwa.

Na san wasu abokaina za su ce, Malam, duk matsalolin ƙasar nan, ga fetur da ya haura naira 600 tun 2023, ga ambaliyar 2022 ba mu gama farfaɗowa ba, sai maganar ƴan fim? Wasu kuma za su ce sana'ar ma ai ba ta dace ba. To ku da kuke faɗar haka, a wayoyinku ake kallon su, matanku da ƴaƴanku sun san ranar da kowane shiri yake fita. In dai ana cin moriyar aikin mutum, maganar ladansa ta halatta. Ni kaina kowane wata sai na yi tsaki in na ga an cire mini kuɗin ƙungiya a takardar albashi. Amma dubu 30 ɗin da aka sa wa hannu a 2019, duk da yau ba ta sayen buhun shinkafar da nake nomawa, ba kyauta aka ba mu ba. Tun 1945 ake wannan ja-in-ja, lokacin da Michael Imoudu da ma'aikatan jirgin ƙasa suka tsayar da ƙasar nan sama da kwana 40 a kan kuɗin tsadar rayuwa, Bature yana mulki.

La'asar ta yi yanzu, ƴan yankana sun fito. Na ƙirga wa babbansu kuɗin a gaban sauran, ya sake ƙirgawa da kansa, ya raba bakwai, har da wani yaro da bai fi shekara goma sha bakwai ba wanda na lura shi ne ya fi kowa jinkiri. Kasonsa daidai da na kowa. Gobe masu bugu za su zo, jibi mata masu sheƙa, su kuma nasu da kwano ake aunawa, an riga an yanka tun yau. Ana cewa shugabannin ƙwadago suna can Abuja suna ganawa da Nuhu Ribaɗu. In sun janye a daren nan, da asuba sai Dutse, in bar wa ɗan ƙanwar mahaifiyar tawa, tsohon jarumi, tsaron masussuka.